Babi na Shida: Mudun da Ake Auna Gwani da Shi

Wata Asabar da daddare na tarar da ɗan yayata a zaure ya jingina da bango, wayarsa na jone da ƙaramin batirin caji, yatsunsa huɗu suna ta kai-komo a kan gilashi. Ban tanka masa ba sai da aka tashi wasan. Su suka ci. Ina jiran in ga murna, sai ya ɓata rai ya miƙo mini wayar.

"Kawu, don Allah duba mini nan. Ɗazu da aka cinye mu maki 22 suka zaftare mini. Yanzu da muka ci, 9 kacal aka ba ni. Wannan wane irin lissafi ne?"

Na karɓa na duba. Hoton wani dutse ne mai ƙyalli, a ƙarƙashinsa ga wani siririn layi da ya cika rabi, ga kuma lambar 9 da koren launi. Iyakar abin da wasan ya ga dama ya nuna masa ke nan. Wata uku yana kwana a kan wannan layi, yana cika yana raguwa, kuma ko sau ɗaya ba a gaya masa dalili ba. Na ce masa lissafin yana da asali, ya ma girmi mahaifiyarsa, amma abin da yake gani a waya inuwarsa ce kawai.

Mutumin da ya ƙera mudun farko da duniya ta yarda da shi sunansa Arpad Elo. An haife shi a Hungary a 1903, iyayensa suka koma Amurka da shi yana yaro, ya zama malamin kimiyyar fizis a Jami'ar Marquette da ke Milwaukee. Gwani ne a wasan ces, wanda malamanmu suka sani a littattafan fiƙihu da sunan shaɗaranji, har sau takwas yana zama zakaran jihar Wisconsin. Hukumar ces ta Amurka ta karɓi tsarinsa a 1960, hukumar duniya ta FIDE ta bi sahu a 1970.

Abin da Elo ya kawo a taƙaice shi ne, lambar ɗan wasa hasashe ce. Ita kaɗai ba ta faɗin komai, sai an jera ta da ta wani. Idan mutum biyu lambarsu ɗaya, ana sa ran su raba nasara daidai wa daida. Idan ɗaya ya ɗara ɗaya da maki 200, ana sa ran ya kwashe kusan kashi 76 cikin 100 na abin da za su buga. In tazarar ta kai 400, to cikin wasa goma sha ɗaya, goma nasa ne. Da an gama wasa sai a duba abin da aka yi hasashe da abin da ya faru, a gyara lambar gwargwadon kuskuren. Ɗauki mai 1600 da mai 1400, a tsarin da mafi yawan abin da wasa ɗaya zai iya motsa lamba shi ne maki 20. In babban ya ci, maki 5 zai samu, domin bai yi abin mamaki ba. In ƙaramin ya kayar da shi, 15 za a cire masa a miƙa wa ƙaramin. Abin da wannan ya rasa shi wancan ya samu, babu makin da ke faɗowa daga sama.

Masu bin ƙwallon ƙafa sun san wannan ko da ba su san sunansa ba. Tun 2018 FIFA ke jera ƙasashe a ɓangaren maza da lissafi irin na Elo, shi ya sa in Super Eagles suka lallasa ƙaramar ƙasa da ƙyar za ka ga sun motsa, amma ranar da ƙaramar ta ba su kunya sai su gangara.

Kyawun tsarin Elo shi ne sauƙinsa. Da biro da takarda za ka iya bin diddigin lambarka, ka tabbatar ba a cuce ka ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma zan dawo kansa. Rauninsa kuwa, bai san bambanci tsakanin sani da zato ba. Wanda ya buga wasa dubu ya tsaya a 1700, da wanda ya buga biyar ya faɗa 1700 bisa sa'a, duk ɗaya suke a wurinsa. FIDE ta ɗan toshe wannan ɓaraka da hannu: sabon shiga ana motsa lambarsa da ma'aunin 40, wanda ya zauna da 20, wanda ya taɓa kai 2400 kuma da 10. Faci ne, yana aiki, amma ba daga cikin lissafin ya fito ba.

Wanda ya shigar da shakka cikin lissafin kansa shi ne Mark Glickman, masanin ƙididdiga Ba'amurke, da tsarinsa mai suna Glicko a 1995. Duk mai shago a unguwa ya san abin da Glickman yake nufi. Mutumin da ya shekara goma yana karɓar kaya bashi yana biya, in wata ɗaya ya yi jinkiri, mai shago ba zai sauya masa kallo ba. Baƙon da ya tare jiya kuwa, biyansa na farko ko rashin biyansa shi zai yanke masa hukunci. Sannan wanda ya yi tafiya shekara uku ya dawo, ko da can amintacce ne, sai an sake gwada shi, don ba a san yadda duniya ta yi da shi ba.

Don haka a Glicko kowa lamba biyu gare shi. Ɗaya ta gwaninta, ɗaya ta faɗin shakkar da ake da ita a kan ta farkon. Sabon shiga yakan fara da 1500, shakkarsa 350, wato tsarin yana cewa: wannan bawan Allah yana wani wuri tsakanin 800 da 2200, ban san takamaimai ba tukuna. Wasanninsa na farko kan yi wurgi da lambarsa sama ko ƙasa da maki sama da ɗari. Yana ƙara bugawa shakkar na tsukewa, motsin na raguwa. In ya ajiye wasa na watanni, shakkar ta sake buɗewa da kanta. Haka kuma, doke wanda ba a san matsayinsa ba ba ya ba ka maki da yawa, tunda ba a san wa ka doke ba. Daga baya Glickman ya fito da Glicko-2, ya ƙara lamba ta uku mai auna yadda mutum ke tangal-tangal, yau ya yi bajinta gobe ya kwafsa.

Dandalin ces na Lichess yana amfani da Glicko-2, kuma yana yin wani abu da nake matuƙar so: muddin shakkar tana da faɗi, sai ya liƙa alamar tambaya a jikin lambarka, kowa na gani. Kamfanin Valve ma, bayan kusan shekara goma yana auna 'yan wasan Dota 2 da lissafi irin na Elo, a watan Afrilun 2023 ya koma Glicko, ya kuma fara nuna wa ɗan wasa kason tabbacin da tsarin yake da shi a kan matsayinsa. A ganina, cikin duk gyare-gyaren da aka yi wa aikin Elo, babu wanda ya kai wannan daraja. Sikelin da zai iya cewa "ban tabbata ba" ya fi wanda kullum yake magana da ƙarfin hali.

Sai dai Elo da Glicko duk don mutum biyu aka yi su, ni da kai, allo a tsakani. Wasannin intanet da matasa ke kwana a kansu yawancinsu na rukuni ne, biyar da biyar, huɗu da huɗu, ko mutum ɗari a jefa su tsibiri ɗaya. In rukuni ya ci, wa ya ci? In an cinye shi, laifin wa?

Masu bincike na Microsoft a Kambirij ta Ingila, Ralf Herbrich da Tom Minka da Thore Graepel, su suka tunkari wannan da tsarin TrueSkill, wanda ya fara aiki a dandalin Xbox Live a 2005. Shi ma lamba biyu yake riƙewa, ta gwaninta da ta shakka, amma yana ɗaukar ƙarfin rukuni a matsayin jimillar ƙarfin mutanen cikinsa, sannan bayan wasa ya raba gyaran a tsakaninsu. Wanda aka fi shakka a kansa shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Akwai kuma wata dabara a wajen nunawa. Sabon shiga ana ɗora shi a 25, shakkarsa 8 da ɗigo 33, amma lambar da ake nunawa ita ce ta farkon bayan an cire ta biyun sau uku. Ka lissafa, sifili za ka samu. Wato kowa daga ƙasa yake ganin ya fara, kuma ko gwanintarsa ba ta ƙaru ba, lambar za ta riƙa hawa muddin tsarin na ƙara saninsa. Ba a ba ka sai abin da aka tabbatar naka ne.

Microsoft ta taɓa fitar da ƙiyasin mafi ƙarancin wasannin da TrueSkill ke buƙata kafin ya gane mutum, kuma wannan ƙiyasi ya kamata duk ɗan wasa ya haddace shi. In mutum biyu ne ke karawa, wasa 12. In mutum 16 ne kowa ta kansa yake yi, wasa 3 sun isa, domin a wasa ɗaya an jera ka da mutum goma sha biyar. In huɗu da huɗu ne, 46. In takwas da takwas ne, 91. Rukuni na ƙara girma, muryarka na ƙara ɓacewa cikin hayaniyar sauran. Yaron da ya buga wasa goma na rukuni yana kukan an danne shi, sikelin ko gama daidaita shi bai yi ba.

Daga nan ne kukan da ya fi kowane yawa ya samo asali. 'Yan wasan League of Legends har suna suka raɗa wa abin, wai wutar Elo: wurin da mutum ya maƙale saboda kullum ana haɗa shi da marasa kan gado, masu fita ana tsakiyar wasa, masu ɓata wa rukuni da gangan. Zafin gaskiya ne, duk wanda ya taɓa yin minti arba'in yana fafatawa wake ɗaya ya ɓata masa gari ya san shi. Amma lissafi bai goyi bayan kukan ba. In kai ba mai ɓarna ba ne, guraben da mai ɓarna zai iya faɗawa a rukuninka huɗu ne, a rukunin abokan hamayya biyar. In aka buga da yawa, su ya fi faɗa wa. Matsalar tana wurin kalmar "da yawa". Tsarin yana da haƙurin wasa ɗari biyu. Mutumin da ke da awa ɗaya bayan sallar isha'i ba shi da shi.

To me zai hana a duba abin da kowa ya yi da hannunsa a cikin wasan, a daina jingina shi da sakamakon rukuni kawai? An gwada. A 2018 Minka da abokan aikinsa suka fito da TrueSkill 2, wanda ke duba yawan waɗanda ka kayar, sau nawa aka kayar da kai, ko kana da halin gudu ana tsakiyar wasa, ko tare da abokanka kuka shigo. Da suka gwada shi a kan bayanan wasan Halo 5, ya faɗi wanda zai ci daidai a kashi 68 cikin 100 na wasannin, tsohon kuwa 52. Tazara ce babba, domin 52 kaɗan ya ɗara cankar da ka.

Amma akwai rami a nan, kuma kamfanoni da dama sun faɗa shi. Duk abin da aka ce shi ake aunawa, shi mutane za su bi, su saki wasan kansa. Ka ce ƙwallayen da mutum ya jefa a raga kawai za a lissafa, gobe ba za ka sami mai tsaron baya ba. Overwatch na kamfanin Blizzard ya fara da tsarin da ke ƙara wa mutum maki gwargwadon alƙalumansa, sai 'yan wasa suka koma farautar alƙaluma, wani ya liƙe wa jarumi ɗaya ko da rukuninsa na buƙatar wani, tunda da shi ya iya tara lamba. A farkon 2018 kamfanin ya cire wannan ga waɗanda suka kai matakin Lu'ulu'u zuwa sama, ya koma kan nasara da faɗuwa zalla. Akwai aikin da ba ya fitowa a alƙaluma ko kaɗan: wanda ya tsaya ya tare ƙofa, wanda ya ja hankalin abokan gaba ya mutu don 'yan uwansa su wuce, wanda ya kwantar wa rukuni hankali bayan an sha su a zagaye uku. Nasara kaɗai ke ganin waɗannan.

Wasannin da ake jefa jama'a tsibiri ɗaya a ga wanda zai rage, irin su PUBG da Free Fire da Apex Legends, nasu ciwon kan daban ne, domin dole a haɗa abu biyu masu jan juna: daɗewa a raye da kayar da wasu. A watan Mayun 2023 Apex Legends ya sauya tsarinsa ya fifita daɗewa, ya kuma rage abin da mutum ke asara in ya faɗi. Nan da nan aka cika lunguna da masu ɓuya. Wani ƙwararren ɗan wasa, don ya nuna ɓarakar, ya hau har mataki mafi girma ba tare da ya raunata kowa ba, ɓuya kawai yake yi yana jira a kashe juna. Matakin da a da sai ɗaiɗaiku ke kaiwa ya cika maƙil. Kamfanin ya amsa kuskurensa ya gyara a zango na gaba.

Yanzu mu dawo kan dutsen nan mai ƙyalli na wayar ɗan yayata.

A shekarunsa na farko League of Legends lambar Elo yake nuna wa kowa tsirara. A 2013 kamfanin Riot ya ɓoye ta, ya kawo matakai masu sunan ƙarafa da duwatsu, Tagulla, Azurfa, Zinariya, har zuwa Lu'ulu'u da abin da ya fi shi, da wasu maki na daban da ake tarawa a hau daga mataki zuwa mataki. Lambar gaskiya, wadda ake kira MMR, tana nan a ɗaki tana aikinta, ita ke zaɓar wanda za ka kara da shi. Tun daga lokacin wannan ya zama ruwan dare. Sikeli biyu ke nan a shago ɗaya, ɗaya a ƙarƙashin teburi wanda mai shago ke aiki da shi, ɗaya a sama wanda mai saye ke kallo.

Su biyun ba kullum suke daidaita ba, kuma idan suka saɓa, na ƙasan ne ke jan na saman. In matakin da ake nuna maka ya fi lambarka ta ɓoye, tsarin zai riƙa ba ka kaɗan in ka ci, ya cire da yawa in ka faɗi, har ka sauko inda yake ganin nan ne wurinka. In lambar ɓoyen ce ta fi, sai ka ga kana tsalle. Bisa dukkan alamu abin da ya sami yaron nan ke nan: 9 a nasara, 22 a faɗuwa, tsarin yana gaya masa cewa ya hau sama da inda ƙafarsa ta kai. Amma bai faɗa masa da baki ba.

Kamfanonin suna da hujjarsu, kuma ba zan ce ta banza ce ba. Lamba tsirara tana da ban tsoro. Tun zamanin StarCraft II, wanda ya fito a 2010, aka san mutanen da ke zama gaban kwamfuta hannu na rawa, sun kasa danna maɓallin neman abokin karawa don gudun kada lambarsu ta ragu. Sannan sikelin gaskiya, in ya gama gane ka, tsayawa yake yi. Za ka ci rabi a ci ka rabi, wata da watanni, lambar na nan inda take. Mutane ba sa son wannan, suna son su ga ana hawa. Sai aka ƙirƙiro zango-zango: kowane 'yan watanni a maido da kowa ƙasa, a ce a sake hawa, a ba da kyautar riga ko tambari a ƙarshe. Gwanintarka ba ta ragu ba ranar da aka buɗe sabon zango, kuma tsarin ya sani. Hawan da kake yi na makonni, komawa ce inda dama an san nan kake.

Na fahimci wannan, amma ban yarda da ɓoyewar ba. Mutum yana zuba lokacinsa, da kuɗin data da ya tara da ƙyar, da barcinsa, yana da haƙƙin ya ga mudun da ake auna shi da shi. A bar masa dutsen mai ƙyalli in yana so, amma a buɗe masa lambar, da faɗin shakkarta, da dalilin kowane ƙari da ragi. Valve ta ɗan matsa wajen nan da Counter-Strike 2 a 2023: bayan shekaru ana fama da matakai 18 da ba wanda ya san yadda ake hawansu, ta kawo lamba bayyananniya a babbar gasarta, ana ma nuna maka tun kafin a fara wasa nawa za ka samu in ka ci, nawa za ka rasa in ka faɗi. Mai shiga ya san cinikin da ya shiga.

Duhu shi ke haifar da zargi. A 2017 wasu masu bincike na kamfanin EA tare da malaman jami'a suka wallafa wata takarda a kan haɗa 'yan wasa ta hanyar da za ta fi riƙe su a wasa, ko da ba ita ce ta fi daidaito ba. Shawara ce ta bincike, ba shaida ba ce cewa wani wasa na aiki da ita. Amma tun daga nan, duk wanda aka ci sau biyar a jere sai ya rantse da gangan aka haɗa shi da gwanaye don a ja masa rai. Wanda ba ya ganin sikeli ba ka da abin da za ka rarrashe shi da shi.

A ɗaya gefen kuma akwai masu cewa a watsar da awon gaba ɗaya, a haɗa kowa da kowa kamar da. Masu wannan kira yawancinsu gwanaye ne, kuma dalilin a fili yake. Kamfanin Activision ya gwada abin a ɓoye a farkon 2024: ya sassauta la'akari da gwaninta ga rabin 'yan wasan Call of Duty: Modern Warfare III na Arewacin Amurka. A rahoton da ya fitar a watan Yuli na shekarar, ya ce kusan kashi 90 cikin 100 na mutanen dawowarsu wasa ta ragu, fita ana tsakiyar wasa ta ƙaru, 'yan saman nan kaɗan ne suka ji daɗi. Kamfani ne ke ba da labarin kansa, sai a saurara da wannan a zuci. Amma abin ya yi daidai da hankali. Ba wanda zai riƙa komawa fagen da kullum shi ake kayarwa, kuma in raunana suka watse, matsakaita su ne sababbin raunana.

Kowane sikeli kuma yana da masu yi masa algus. Tun 1996 wasu gwanaye biyu na wasan Warcraft II suka ga kowa na gudunsu da zarar an ga sunansu, sai suka sake shiga da sunayen PapaSmurf da Smurfette, daga wani zanen yara na ƙasar Beljiyam, suna yi kamar ba su iya ba, sannan su murƙushe mutane. Sunan ya bi ɗabi'ar har yau: gwani ya buɗe sabon asusu ya sauka cikin 'yan koyo. A nan Glicko da TrueSkill sun fi Elo, tunda faɗin shakkar sabon asusu na sa a yi saurin ɗaga shi daga cikinsu, amma kafin a ɗaga shi ya riga ya ɓata wa mutane da yawa dare. A watan Satumban 2023 Valve ta sanar da rufe irin waɗannan asusu 90,000 a Dota 2. Akwai kuma kishiyar wannan, mutum ya biya gwani ya hau masa asusu ya kai shi matakin da ba nasa ba. A Koriya ta Kudu abin ya yi ƙamari har aka yi masa doka, wadda ta fara aiki a 2019: mai wannan sana'a na iya shan ɗaurin da ya kai shekara biyu ko tarar won miliyan 20.

Akwai wani abu guda da babu ɗaya cikin waɗannan tsare-tsare da ke raba shi da gwaninta, kuma shi ya fi shafar yaranmu. Cikin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da waɗannan wasanni, waɗanda suka fi kusa da mu galibi suna Turai ko Gabas ta Tsakiya ko Afirka ta Kudu. Yaron da ke Kano ko Damagaram in ya danna harbi, sai saƙon ya yi tafiyar dubban kilomita ya dawo, abin da 'yan wasa ke kira ping. Wanda ke kusa da na'urar ya riga shi gani, ya riga shi harbi. A ƙara da ɗaukewar wuta, da layin da ke yankewa ana tsakiyar fafatawa, wanda tsarin zai rubuta a matsayin gudu ya hukunta. Lissafin bai yi ƙarya ba, domin abin da ya yi alkawarin aunawa shi ne yiwuwar ka ci wasa a halin da kake bugawa. Sai dai lambar da ta fito ta yaron ce haɗe da wayarsa mai zafi, da layinsa, da nisan garinsu.

Duk wannan ban faɗa wa ɗan yayata a daren ba. Na dai zana masa sikeli biyun a bayan wata takardar sayen magani, na nuna masa dalilin 9 da dalilin 22. Ya daɗe yana kallon takardar.

"To Kawu, ita lambar tawa ta gaskiya nawa ce?"

Na ce wasan nasa ba ya nunawa. Muka shiga duk wani lungu na saitin wayar tare, babu. Ya karɓi abarsa, ya duba cajin da ya rage, ya danna neman wasa. Sha biyu ta gota, masu bugawa sun yi ƙaranci, agogon nema ya wuce minti uku yana juyawa. Can aka haɗa shi da wasu mutum uku, biyu na magana da Larabci ɗaya da Faransanci, lambar jinkirin layinsa a kusurwar gilashi ta koma ja, ya gyara zama ya sa abin jinsa a kunne.